Kawu Tsohon Ganduroba da Gaisuwar da Na Ƙi Ji

Ranar Laraba da hantsi Allah ya karɓi ran Kawu, yayan mahaifiyata. Yana tsakar gida yana shan koko ya ce wa matarsa kansa na sara masa, kafin a samo mota rai ya yi halinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Bayan azahar muka kai shi makwancinsa. Tunda nake a Sabon Garin Wudil ban taɓa ganin jana'izar talaka ta tara mutane haka ba, har masu kifi na bakin gada sun bar kayansu sun biyo gawa.

Kwana ukun da muka yi a kan tabarmi a ƙofar gida, kunne ɗayan da ya rage mini ya ji magana iri-iri. Wani mahauci ya zo daga Darki, ƙato, gemunsa har ya soma furfura, babu wanda ya san shi a cikinmu. Ya zauna zai ce "ya haƙuri" sai kuka wiwi. Da ya lafa ya ce shi ne wanda ya taɓa kwashe damin gero a rumbun wani shekarun baya. "Da Baba bai karɓe ni a kotu ba," in ji shi, "wallahi da yanzu ko ina daji ko ina ƙasa." A cikin gida kuwa, matata ce ta ba ni labari, wata tsohuwa ta yi addu'arta tsaf ta shafa, sannan ta ce, "Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne. Amma ni dai har yau ban ga tunkiyata ba, ɓarawon kuma ga shi can yana yawo a kan babur." Mata suka rasa dariya za su yi ko kuka. Akwai kuma wanda ya zauna ta damana yana raɗa wa na kusa da shi cewa, "To, ɓarayin gari sun zama marayu." Ya kamata in tashi in ci kwalarsa. Ban tashi ba, don ni na gaya wa Kawu abin da ya fi wannan muni, kuma a kan idonsa.

Can ƙarshen tabarmi, wajen da ake tara takalma, akwai mutumin da ya zauna kwana ukun nan cur bai matso ba. Maƙwabcina ne na lambu, gonarsa na jikin tawa a fadamar bakin kogi. Shi ne ya karya mini hannu, ya kashe mini kunnen hagu. Alƙali ya yanke masa wata shida a gidan yari, Kawu ya roƙa aka damƙa shi a hannunsa don ya yi wata shidan a waje yana aiki. Ya yi huɗu, saura biyu. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya saci kallonsa, don kowa ya san mutumin da ya tsaya tsakaninsa da gidan yari shi muka binne ranar Laraba.

Ni malamin firamare ne, ko ba komai na iya haɗa baƙi, shi ya sa dangi suka ce in rubuta wani abu don jikoki su san wane ne kakansu. Sun zaɓi wanda bai dace ba. Amma tunda sun ba ni, zan faɗi har da abin da ba za su so ji ba.

Kawu ganduroba ne, shekara talatin yana aikin gidan yari a garuruwa daban-daban kafin ya yi ritaya ya dawo Wudil. Aikin ya bar masa wasu halaye da muke yi masa tsiya a kansu. In an zauna cin abinci sai ya ƙirga mutanen gida da ido, leɓensa na motsi, in ɗaya babu ba zai sa hannu a kwano ba sai an gaya masa inda yake. Bai yarda da kwaɗo ba, ƙofar gidansa sakata ce kawai ta ciki, ya ce ƙarar makulli ta ishe shi har lahira. Kuma ba ya son babban mutum ya tsuguna a gabansa. Ko surukinsa ne ya zo ya durƙusa, sai ya daka masa tsawa, "Tashi ka zauna kamar mutum, nan ba kurkuku ba ne!" Surukan gidan sun sha wuya kafin su gane ba fushi yake yi ba.

Bai cika ba da labarin aikinsa ba. Ɗaya ne ya maimaita mini har na haddace. "Wani mutum sau uku ina kulle shi," in ji shi. "Karo na farko akuya ya sata, ya shigo yana kuka yana kiran uwarsa, kwana biyu bai iya haɗiye gabzar gidan ba. Karo na biyu shago ya fasa, ya shigo yana gaisawa da mutanen ciki kowa da sunansa. Karo na uku da bindiga aka kama shi. Ya dube ni ya yi dariya ya ce, 'A'a, Oga, har yanzu kana nan?'" Sai Kawu ya nuna ni da yatsa. "Kai kana taƙama kai malamin makaranta ne. To ni ma na koyar. Wancan ɗalibina ne, ni na riƙe makullin ajin tun daga aji ɗaya har ya gama."

Da ya yi ritaya, maimakon ya zauna a gindin darbejiya yana jan carbi kamar sa'o'insa, sai ya mayar da bencin kotu wurin zamansa. Ba ya sa baki a babban laifi, kisa ko fashi ko fyaɗe, ya ce waɗannan sun fi ƙarfin hannunsa. Amma in aka zo kan satar kaza, ko dambe a tasha, ko wanda ya saki dabbobi a gonar wani, da alƙali ya gama karanta hukunci sai ka ga tsoho ya miƙe yana gyara riga: "Allah ya gafarta Malam, a ba ni shi." Da farko korarsa ake yi, masu gadin kotu har kwaikwayon muryarsa suke. Daga baya da doka ta ba alƙalai damar yanke wa mai ƙaramin laifi aikin gari a maimakon ɗauri, sai aka rasa wanda zai sa ido a kan masu aikin in ba shi ba. A rubuta takarda da sunansa a kai, ya sa hannu, ya fito riƙe da hannun mutum ya kai shi gida a fara ba shi tuwo. Matarsa, da muke kira Inna, ta ce shekara goma sha biyar ba ta taɓa sanin kwano nawa za ta zuba da rana ba.

Aikin da yake ba su ba na wasa ba ne. Yasar kwata, cike ramukan maƙabarta bayan damina, buga bulo, ko noma a gonar wanda aka yi wa laifi. Bai taɓa tsayawa a kansu da sanda ba. Shi ma naɗe ƙafar wando yake ya shiga kwatar, tsoho da ciwon gwiwa, to wane mara kunya ne zai zauna yana kallo? Wani malamin jami'a ya taɓa zuwa da takardun tambayoyi, ya tarar da su cikin kwata, ya tsaya daga bakinta yana gaya wa Kawu cewa abin nan da yake yi a ƙasashen waje yana da suna, har littattafai an rubuta a kansa. Kawu ya ce madalla, ya miƙa masa shebur. Bawan Allah bai sake dawowa ba.

Amma duk wanda ya bi ta hannun Kawu zai gaya maka kwata sauƙi ce a kan gaisuwa. Ita ba ta cikin takardar alƙali, Kawu ne ya ƙirƙiro abarsa. Kullum da safe, kafin a tafi aiki, mai laifi zai je ƙofar wanda ya zalunta ya yi sallama ya gaishe shi, ko za a zage shi, ko za a watsa masa ruwan wanke-wanke. Amsa sallama Kawu ba ya kallonta a matsayin komai, ya ce wannan dole ce a kan kowane Musulmi ko da ga maƙiyinsa ne. "Lafiya" ɗin nan da ake cilla wa mutum kamar ƙashi ita ma ba ta ishe shi ba. Abin da yake jira shi ne ranar da mai gidan zai mayar da tambaya da bakinsa: ya iyali, ya mutanen gida? "Takardar alƙali da wata take ƙarewa," in ji shi, "tawa kuwa sai an tambayi iyali. Mutum ba ya tambayar lafiyar 'ya'yanka yana kuma fatan a ɗaure ubansu." Wasu sati biyu ake yi a tambaye su. Mahaucin Darki ya ce shi sai da ya shekara yana zuwa, takardarsa ta daɗe da ƙarewa, ranar da mai rumbu ya ce masa "ya yara" kuwa a nan ƙofar ya zauna dirshan.

Kada wani ya ɗauka kullum nasara ake yi. Akwai wanda Kawu ya karɓa a kan dambe, ya yi sati uku yana yasar kwata lafiya lau, ran nan ya soki wani direba da wuƙa a tasha ya gudu, har yau ba a gan shi ba. 'Yan'uwan direban suka zo ƙofar gidan nan suka yi wa Kawu tatas, babu irin zagin da ba su yi masa ba, shi kuwa yana tsaye kansa a ƙasa. Ya yi wata guda bai taka kotu ba, kullum yana asibiti wajen direban da ba ya ko kallonsa. Ya rame har riga ta yi masa yawa. Na ce, "Kawu, ai ka ga aya. Ka bari haka." Ya ce, "Na yi kuskure a kan wannan, kuma zan amsa tambayarsa a gaban Allah. Amma waɗanda na kulle shekara talatin fa, wa zai amsa tasu?" Direban yana nan da rai, ba ya iya tuƙi. Bai zo ta'aziyya ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Yanzu in zo kan tawa. Farkon ranin bana muka samu saɓani da maƙwabcina. Hanyar ruwa ɗaya ce ta ratsa lambunsa zuwa nawa, ran nan na tarar ya toshe ta ya juya ruwan cikin albasarsa, tawa tana yaushi. Magana ta yi zafi. Ni bakina ba shi da linzami, wannan kowa ya sani, na ambaci ubansa da ke kabari da wata kalma da ba zan rubuta ba. Ƙotar fartanya ce a hannunsa. Dukan farko na tare shi da hannu, na biyu ya same ni a gefen kai. Sati uku na yi a asibiti a Kano. Hannu ya ɗoru, kunne kuwa likita ya ce sai haƙuri.

Maganar magani 'yan'uwansa sun ɗauke, ba ita ce ta dame ni ba. Ni so nake in ga an tura ƙeyarsa cikin motar gidan yari. Ranar hukunci na zauna a bencin gaba, hannu a rataye, alƙali ya ce wata shida, na ji wani sanyi a raina. Sai ga murya daga bayana: "Allah ya gafarta Malam, a ba ni shi." Wallahi na ɗauka kunnen da ya rage ne shi ma ya lalace.

Daga kotu ban biya gida ba, zauren Kawu na wuce.

"Kawu, ni ne ɗanka ko shi?"

"Kai ne. Zauna."

"Ba zan zauna ba."

"To tsaya. In an ɗaure shi, wa zai yi maka ban-ruwa, ga hannu a rataye? Albasarka ta mutu, tasa ta mutu. 'Ya'yansa uku su taso ana nuna musu ƙofarka. Bayan wata shida ya dawo da abin da ya koyo a can, gonarsa kuma tana nan a jikin taka, babu mai ɗauke ta. Ni tsoron wannan ranar nake ji maka."

"Kunnena fa? Ban-ruwa zai dawo mini da shi?"

"Ba zai dawo da shi ba. Kurkuku ma ba zai dawo da shi ba."

Nan ne na faɗi abin da har yau yake cin raina. Na ce, "Kai dai zunubinka na shekara talatin kake wankewa, kuma da jinina kake wanke shi." Na zaci zai kore ni, ko ya aika a kira mahaifiyata. Ya dubi tabarma ya ce, "Mai yiwuwa ne." Da mari ya ɗauke ni da shi da ya fi mini sauƙi.

Haka aka fara. Alƙali ya rubuta masa aikin lambuna gaba ɗaya, da yasar kwatar layinmu duk Asabar. Maƙwabcina ya riƙe aikin, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba. Nawa yake fara shayarwa kafin nasa. Albasar da na samu bana ban taɓa samun irinta ba, abin haushi kuma duk wanda ya gani sai ya ce, "Kai, Malam, ai dukan nan ya yi riba!" Gaisuwa ma bai fasa ko rana ɗaya ba. Ni kuwa na samo dabarata. Ƙarfe bakwai ina kan dakalin ƙofar gida da 'yar rediyota. Da na hango shi ya karyo kwana, sai in manna rediyon a kunnen dama, in juya masa na hagun da ya kashe. In ga bakinsa ya yi sallama, in amsa don kada in ɗauki zunubi, shi ke nan. Sauran gaisuwar ya je ya yi ta da kunnen da ya yi wa aiki. A raina ina cewa ai adalci ke nan, kuma ina jin daɗin abin, ba zan ɓoye ba.

Duk Juma'a bayan masallaci Kawu zai tare ni. "Ka tambaye shi?" In ce, "Ban ji ya yi magana ba, Kawu, ai ka san ni kurma ne." Ya ce, "Kurman da ya fi kowa sanin labarun duniya." Matata ma ta yi magana har ta gaji, ta ce dama kunnen ƙashi gare ni tun kafin a dake ni.

Juma'ar ƙarshe bai yi mini tambayar ba. Ya riƙe hannuna a bakin masallaci, mutane na wucewa, ya shiga gaishe ni kamar mun shekara ba mu haɗu ba. Ya gida, ya iyali, ya uwar yara, ya ciwon bayanta. Ya bi 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya da suna, wanda ya yi haƙori, wadda ta shiga aji uku, har akuyar da ta haihu bai bari ba. Rana na dukanmu, ina ta "lafiya lau, lafiya lau," zufa na keto mini. Na san abin da yake yi, shi ma ya san na sani. Da ya gama ya sake ni ya ce, "Ka gani, ko minti uku ba ta ci ba." Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

A rana ta uku ta zaman makoki magatakardan kotu ya zo ta'aziyya. Bayan addu'a ya ja mu gefe, ni da babban ɗan Kawu da ke aiki a Kaduna. Ya ce takardar maƙwabcina sunan marigayi ne a kanta, mamaci kuma ba ya tsaya wa kowa. Ranar Litinin za a kira shari'ar. In wani dattijo ya zo ya sa hannu a madadinsa, shi ke nan, in babu kuwa sai gidan yari. Ɗan Kawu ya ce shi gida da gona ya san ana gado, bai taɓa jin an gaji masu laifi ba, kuma Lahadi zai koma bakin aikinsa. Mutum ne da ya sha ganin ana zagin ubansa a ƙofar gida, abin ya daɗe a ransa.

Washegari Inna ta aiko in shigo. Tana zaune a ɗaki cikin takaba, carbi a hannu.

"Kawunka ya bar amana a waje," ta ce. "Ba ni da damar fita, da ni zan je."

"Inna, ni fa aka daka."

"Na sani. Ni na dama kunun da ka sha a asibiti. Ban ce ka yafe ba. Cewa na yi kada a kai shi inda Kawunka ya hana."

Na ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri, na fito. Kowa ya san ma'anar wannan addu'ar in ta fito daga bakin wanda ba ya son yin abu. Gaskiyar magana, na sa a raina wani zai je. Duk taron nan, duk masu kukan nan, a ce a rasa mutum ɗaya? Ashe kowa haka ya sa a ransa.

Litinin da safe maƙwabcina ya zo gaisuwa kamar kullum, sai dai da farar riga wankakkiya, ba kayan lambu ba. Na manna rediyo, na juya masa hagu. Ya yi sallama na amsa. Sai na ga bakin bai tsaya inda ya saba tsayawa ba, yana ta motsi. Har ya ɗan zagayo ta damana. Na ƙara muryar rediyo, na mayar da fuskata bango. Ya tsaya jim, ya juya ya tafi. Ni ma na hau babur na tafi makaranta.

Da na dawo bayan azahar matata ba ta ce sannu da zuwa ba, ba ta kawo ruwa ba. Ta tsaya a tsakar gida ta ce, "Malam, ka san abin da bawan Allahn nan ya ce maka da safe?" Ashe tana shara a bayan ƙofar zaure, ta ji komai. Cewa ya yi, "Malam, yau zan je kotu. Ban ce ka tsaya mini ba, ban isa ba. Magatakarda ya ce in wanda na yi wa laifi ya shaida ina cika aikin, alƙali zai iya barina in ƙarasa a waje. Ka zo ka ce ina zuwa ban-ruwa, ina zuwa gaisuwa. Iyakarta ke nan." Ta ce sau biyu ya maimaita. Kafin ta ajiye tsintsiya ta ɗauko mayafi na riga na wuce. Ta kira wayata har ta gaji, ni kuwa in ina aji a kashe take.

Ko hula ban cire ba na koma kan babur. Na tarar kotu ta tashi, magatakarda na rufe ofis. Ya ce ya so ya gaya mini wannan hanyar tun ranar Juma'a, da ya ga fuskata ya fasa. Alƙali, in ji shi, ya ajiye shari'ar har ƙarshe, yana ta duban ƙofa. Ya tambaya ko akwai mai tsaya masa, babu wanda ya miƙe. Ya tambaya ko akwai mai shaidar ya cika sharaɗi. Maƙwabcina ya ce, "Allah ya gafarta Malam, shaiduna biyu ne. Ɗaya ya rasu, ɗayan kuma ba ya ji, kuma ni na jawo." Alƙali ya cire masa wata huɗun da ya yi, ya tura shi ya ƙarasa biyun a ciki. Na ce to ga ni, a kawo takarda, in yi shaida, in tsaya masa, duk abin da ake so. Magatakarda ya ce hukunci ya riga ya shiga littafi, sai dai ɗaukaka ƙara, kafin a saurare ta kuwa wata biyun sun ƙare.

Wani zai ce wata biyu kamar yau ne. Ni ma haka na riƙa gaya wa kaina, amma bai hana ni jin muryar Kawu ba, don ya sha faɗa cewa ba da wata ake auna kurkuku ba, da wanda aka haɗa ka ɗaki da shi ake aunawa. Shekara goma sha biyar tsohon nan yana tare ƙofar kurkuku da jikinsa. Mutum na ƙarshe da ya riƙe, kwana biyar da binne tsohon, ɗan ƙanwarsa ya tura shi ciki da rediyo. Ina jin kunya, ina jin haushin kaina, kuma in gaya muku gaskiya haushin maƙwabcin nawa ma bai gama fita ba, don har gobe in an yi magana ta haguna sai na juyo gaba ɗaya. Na je gaishe da Inna, ta amsa, ta ci gaba da jan carbinta.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa shekara talatin ɗin da yake tsoro, ya yafe masa kuskuren direba, ya sa waɗanda ya riƙo hannunsu daga kotu su zama shaidunsa ranar da babu mai tsaya wa wani. Ku jikokinsa, in kun girma kun karanta wannan, kada a ce muku kakanku waliyyi ne. Tsoho ne mai taurin kai da ya ga abin da ya gani, ya ƙi yarda a ƙara masa ɗalibai. Ku yi masa addu'a, ni ma ku sa ni a ciki.

Sai da na yi kwana tara kafin in iya zuwa gidan yari. Na ƙulle garin kwaki da ƙuli-ƙuli da sabulu a leda. Wani ganduroba mai furfura da ya taɓa aiki a ƙarƙashin Kawu ya yi mini ta'aziyya, ya sa aka fito da maƙwabcina. An aske masa kai, ya yi duhu, idanunsa ba sa tsayawa wuri ɗaya. Ya yi sallama. Na gyara zama na ba shi kunnen dama, na amsa.

"Ina wuni, Malam. Ya ƙarin haƙuri?"

Wata huɗu ban san yadda muryarsa take a gaisuwa ba. Ashe a hankali yake magana. Na ce da godiya. Sannan na ce, "Ya iyali? Ya mutanen gida?"

Ya ɗago ya dube ni, ba da fushi ba, kamar dai bai gane tambayar ba.

"Malam, ai kai ka zo daga gari," ya ce. "Ni ne zan tambaye ka. Ƙaramar tawa da zazzaɓi na baro ta. Ta samu sauƙi?"

Tsakanin ƙofata da tasa gida huɗu ne, ta nan nake wucewa makaranta safe da rana. Kwana taran nan ko sau ɗaya ban tsaya ba.

"Ban sani ba," na ce.

Ya gyaɗa kai. Ganduroba ya ƙwanƙwasa ƙofa, lokaci ya yi. Ya ɗauki ledar ya miƙe, har ya juya sai ya dawo ya sunkuyo, ya ɗaga murya kaɗan don ya tabbata na ji.

"In ka koma, Malam, don Allah ka leƙa ta. An ce mata Kano na tafi saro taki. Kada ka gaya mata inda ka gan ni."